Jikokina Suna Kwana a Mota, Suna Karatu a Mota

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni tsohuwa ce, shekaruna sun haura 60, jikata ta wajen 'yata ce take rubuta mini wannan takarda. Ina da yaro a Amurka, shi ne na fari, yana aikin jinya a asibiti shekara 11 ke nan. Bara bayan Babbar Salla ya kira ni ya ce sun saki gidan hayarsu na Houston, sun sayi wata doguwar mota mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, yanzu a cikinta suke kwana suke tashi. Wai aikin kwantiragi ya koma, wata uku a wannan asibiti, wata uku a wancan, daga jiha zuwa jiha. Yaransu uku ne: takwarata mai shekara 12, namiji mai shekara 8, da auta mai shekara 4. Ya cire manyan daga makaranta, wai uwarsu ce take koya musu a cikin motar.

Malama, na kasa faɗa wa kowa a unguwa. In an tambaye ni su, sai in ce suna nan lafiya. Ko dai karayar arziki ce ta same shi yake ɓoye mini? Hukumar can ba za ta ƙwace yaran ba? Da sana'ar ƙuli-ƙuli na taimaki mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, muka yi masa karatu, shi kuma ya mai da nasa 'ya'yan kamar Fulanin tashi. Ina karatun Alƙur'ani, ina Islamiyya? Rannan takwarata ta ce mini a waya, da Hausarta da ta fara karyewa: "Hajiya, na ga ruwan zafi yana tashi sama daga ƙasa, amma ba ni da ƙawa." Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ki ba ni shawara don Allah.

Hajiya, daga Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Alhaji, ya sa ki ci gajiyar wahalar da kika sha.

Takardarki ta zo hannun da ya san motar nan ciki da waje. Na koyar a firamare a Zariya shekara tara kafin aure ya kai ni Amurka, kuma ni da maigidana da yaranmu biyu mun yi wata 14 a cikin irin wannan mota. Saboda haka abin da zan faɗa miki ba jita-jita ba ne. Zan fara da abubuwan da bai kamata su hana ki barci ba, sannan in zo kan wanda ya kamata, domin yana nan a cikin takardarki, a layin ƙarshe.

Maganar karayar arziki tukuna. Gaskiya ne akwai mutane a Amurka da tsadar haya ta kora suka koma kwana a mota. Amma yadda kika kwatanta aikin ɗanki, ban ga alamar haka ba. Ma'aikatan jinya masu yawon kwantiragi sanannu ne a can: asibitin da ya rasa ma'aikata yana ɗaukar su yawanci na mako 13, watannin nan uku da ya gaya miki ke nan, kuma galibi abin da ake biyan su ya fi na wanda ke zaune a asibiti ɗaya, ga kuɗin masauki a kai. Da yawansu sai su sayi motar don kada su yi ta kama haya suna saki, kuma don kada su bar iyali a baya. Motar kuma, RV suke ce mata, masana'anta ce sukutum. Garin Elkhart da ke jihar Indiana kusan da ita yake ci, a yankinsa ake ƙera mafi yawansu, kuma akwai waɗanda kuɗinsu ya kai na gida. Ki tambaye shi kai tsaye ko akwai bashi a kansa, haƙƙinki ne na uwa. Amma kada ki ji kunyar unguwa. Mutumin da ya zaɓi ya ja matarsa da 'ya'yansa duk inda neman abinci ya kai shi, maimakon ya bar su su kaɗai wata uku-uku, ba abin ɓoyewa ya yi ba.

Hukuma ma ba za ta ƙwace yara don ana koya musu a gida ba. Tun 1993 karatun gida ya halatta a dukkan jihohin Amurka 50, ba kamar Jamus ba inda doka ta hana shi. Lokacin annobar korona ma abin ya bunƙasa: ƙididdigar hukumar ƙidayar ƙasar ta nuna gidaje masu yara 'yan makaranta da ke koyarwa a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a farkon annobar zuwa kashi 11.1 a ƙarshe-ƙarshen 2020. Sai dai kowace jiha da dokarta. A New York sai iyaye sun sanar da hukumar ilimi, sun miƙa tsarin abin da za su koyar, sun kai rahoto sau huɗu a shekara, an kuma auna yaron a ƙarshen shekara. A Florida ana sanarwa, a tara ayyukan yaro a fayil, a duba ci gabansa duk shekara. Texas kuwa, inda ɗanki ya fito, tun hukuncin babbar kotun jihar na 1994 ake ɗaukar karatun gida a matsayin makarantar kuɗi mai zaman kanta. Doka ta ce a koyar da karatu da haɗa baƙi da nahawu da lissafi da zama ɗan ƙasa nagari, amma ba a kai rahoto, ba a yin jarrabawa, ba mai zuwa ya duba. Abu ɗaya da zan ce ya kula da shi: tunda suna yin wata uku a wuri, ya riƙa karanta dokar jihar da suka sauka kafin su sauka, don tana iya hawa kansu.

Kin ga wannan sassauci na Texas? Ni shi ne ya fi ba ni tsoro, ba tsananin New York ba. Inda ba mai dubawa, yaro zai iya yin shekara biyu yana zamewa baya, iyayensa na ganin ai yana ta koyon abubuwa. Na faɗi haka ne don a kaina ya faru.

Bari in shigar da ke cikin motar ki gani. Tamu tsawonta ya kai mita 10. Daga ƙofa in kin shiga, ga teburin cin abinci da benci biyu a hannun dama. Wannan tebur shi ne ajinmu da safe, shi ne wurin yanka albasa da rana, da dare kuma in an yi baƙo a saukar da shi ya zama gado. Can ƙurya gado mai hawa biyu na yara, kowa da labulensa da ɗan akwatin littattafansa, iyakar mallakarsa ke nan a duniya. Tankin ruwanmu bai wuce jarka shida ta 'yan garuwa ba, kuma in muka sauka a dajin gwamnati inda ba famfo, da shi za mu yi alwala, mu yi girki, mu yi wanka. Ɗana yana da shekara bakwai ya zama mai lura da ruwa. Kullum da safe ya duba ma'auni ya rubuta a littafi, ya lissafa kwana nawa ya rage mana. Ban taɓa ganin yaro ya kama lissafin ɗebewa da sauri kamar yadda ya kama shi a bakin tankin nan ba, don ya san in ya yi kuskure shi ma ba zai yi wanka ba.

Irin wannan ne ke ruɗar iyaye, kuma ni ma ya ruɗe ni. Wata huɗu na farko ba mu zauna wuri ɗaya fiye da kwana biyar ba. Ranar tafiya ba karatu, don yara suna ɗaure da bel a kujera, kuma karatu a mota mai gudu yana sa 'yata amai. Washegarin isowa gajiya. Kwana na uku a fita ganin gari. Na riƙa ce wa kaina tafiya mabuɗin ilimi. Da na ɗauko takardun jarrabawar da ake auna yaran aji huɗu da ita na ba 'yata, a karatu da sanin duniya ta wuce sa'o'inta, amma lissafin rabi da kwata da sulusi ta tsaya cak, haddar sau ɗin da ta zo da ita ma ta fara zubewa daga sau bakwai. Na zauna a bakin matakalar motar na yi kuka, Hajiya, domin ni malama ce, na san abin da na gani. Akwai ilimin da ido ke tsinta a hanya, akwai kuma wanda ba ya shiga sai da zama da maimaici kullum, kamar yadda ake wanke allo a sake rubutawa. Lissafi da rubutu da haddar Alƙur'ani duk na biyun ne.

Daga ranar muka canza. Ba ma tashi daga wuri sai mun yi aƙalla mako uku. Bayan sallar asuba da karin kumallo, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya da rabi makaranta ce, Litinin zuwa Alhamis, ko da a ƙofar wane abin kallo muka kwana. Lissafi ne farko, tun kai yana sanyi. Na sayi littafin lissafi mai bin mataki-mataki na shekara guda, ban yarda in tsallake shafi ba, inda na kasa bayani kuma muka nemi darasin bidiyo na Khan Academy, wanda kyauta ne. Kowane yaro yana rubuta shafi ɗaya kullum da hannunsa kan abin da ya gani jiya. Cikin wata biyar ta cike giɓin. Awa uku da rabi na yaro biyu da malama ɗaya sun fi yinin aji mai yara 70 irin wanda na koyar a Zariya, wannan ba na shakka. Amma sai in an yi su kullum.

A nan jikokinki sun fi nawa sa'a, domin aikin babansu yana zaunar da su wata uku a wuri guda. Abin da ya rage shi ne a san ko ana amfani da zaman.

Ba zan rage wa tafiyar darajarta ba. Ruwan zafin da takwararki ta gani, ina kyautata zaton a gandun Yellowstone ne, wanda aka keɓe tun 1872, inda wata maɓuɓɓuga ke feso tafasasshen ruwa sama kusan duk bayan awa ɗaya da rabi. Yarinyar da ta tsaya a gabansa tururi ya daki fuskarta, in aka gaya mata akwai narkakken dutse a ƙarƙashin ƙasa ba za ta yi gardama ba, gani ya kori ji. A gandayen gwamnatin tarayya akwai shirin da ake ba yara ɗan littafin tambayoyi, su zaga su cike, ma'aikacin gandu ya duba ya rantsar da su ya maƙala musu baje. Yarana sun tara su a jikin labulen gadonsu. Kuma yaron da ya kai aji huɗu, har da na karatun gida, ana ba shi katin da shi da iyalinsa za su shiga gandayen kyauta tsawon shekarar karatu, mai shekara takwas ɗin naku ya kusa kai wa. A garin Quartzsite na jihar Arizona, inda dubban masu irin wannan mota ke taruwa lokacin sanyi, mun tsaya a kabarin wani mutum mai suna Haji Ali, wanda Amurkawa suka karya sunansa suka ce Hi Jolly. Daga yankin Gabas ta Tsakiya aka ɗauko shi a 1856 don ya kula wa sojojin Amurka da raƙuma, ya rasu a nan a 1902, an gina masa 'yar dala da siffar raƙumi a samanta. Ɗana ya yi ta tambaya ko shi ma yana jin kewar gida. A kusa da Abiquiu kuma, a jihar New Mexico, mun yi salla a masallacin ƙasa na Dar al Islam wanda maginin nan ɗan Masar Hassan Fathy ya zana a farkon shekarun 1980. Da na shafa bangonsa na ji sanyin tubali a tafin hannuna, sai na ce wa 'yata ta shafa, na ce haka soron kakanki yake a Zariya. Ranar ce ta fara tambayata yadda ake kwaɓa ƙasa.

Kin ce kamar Fulanin tashi. Na san takaici ne ya sa ki faɗa, amma kwatancen ya dace fiye da yadda kike zato, kuma ba abin raini ba ne. Ɗan makiyayi mai shekara goma ya san ciyawa da sammako da alamar ruwa da halin kowace saniya, sanin da ɗan birni bai da shi. Abin da tashi ke yanke masa shi ne karatu mai ɗorewa. Shi ya sa Najeriya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, mai hedikwata a Kaduna, aka gwada azuzuwan da ake naɗewa a ɗauka da malamai masu bin ruga da darasi ta rediyo. Duk inda malami ya bi su ya dawwama, yara sun yi karatu. Inda ya zo wata biyu ya gaji ya koma gari, an koma gidan jiya. Jikokinki malamarsu tana kwana tare da su. Saboda haka mutumin da ya kamata ki fi kula da shi a wannan lamari ba ɗanki ba ne, surukarki ce.

Ki yi tunanin yininta. Miji ya tafi asibiti aikin awa 12, wani lokaci na dare, ya dawo yana buƙatar barci a ɗakin da allon katako kawai ya raba shi da ajin. Ita ce malamar mai shekara 12, ita ce malamar mai takwas, ita ce mai rainon auta da ke jan zanenta, ita ce mai girki a murhu mai kai biyu ko uku, ita ce mai kwasar wanki zuwa shagon injin wanki. Ba maƙwabciya, ba 'yar'uwa, ba gidan suna ko biki da za ta je ta sha iska. A yawancin wuraren da ake ajiye motocin nan tsofaffin Turawa 'yan fansho ne suka fi yawa. Da yawa mutanen kirki ne, wata tsohuwa ta koya wa 'yata saƙa ta kuma ba ta allura da zare. Amma akwai inda na fito da hijabi na ji idanu a bayana har na koma ciki. Ranar da matar nan ta gaji, makaranta ta rufe, ba kuma wanda zai sani. In za ki kira, ki kira ta ita kaɗai. Kada ki fara da "me kuke koya musu?" Ki fara da sannu da ƙoƙari, ki tambaye ta ko tana samun hutu, ko da shawararta aka yi wannan tafiya ko bi kawai ta yi. Amsar da za ta ba ki za ta gaya miki halin karatun yaran fiye da kowace takardar sakamako.

Sai maganar Alƙur'ani da Islamiyya. Wannan tana da magani, kuma maganin yana hannunki. Arizona tana bayan Najeriya da awa takwas, Texas da awa shida ko bakwai gwargwadon lokacin shekara. Ƙarfe takwas na safe a Arizona ƙarfe huɗu ne na yamma a Funtuwa, bayan la'asar. Mu wata malamar Islamiyya muka samu a gida, tana ɗora wa yara karatu ta kiran bidiyo minti 20 kowanne, kwana huɗu a mako, muna biyan ta duk wata. Na zo da allo biyu daga gida, na koya musu rubuta wa da wankewa, tawadar ma a 'yar kwalba na zo da ita. Ke kika san malaman unguwarki, ke za ki zaɓo mai haƙuri da yara, mai gyara harafi. In kika ce wa ɗanki "na samo wa yara malama, ranar Litinin za su fara," ba zai iya cewa a'a ba, kuma kin shiga cikin tarbiyyarsu ke nan ba tare da faɗa ba. Su kuma su riƙa duba masallaci kafin ya karɓi kwantiragi. Manyan biranen Amurka ba su rasa masallaci, da yawa suna da makarantar yara ta ƙarshen mako. Asibitin da ke ƙauye mai nisan awa biyu da masallacin Juma'a, ko kuɗinsa ya fi, ni dai ba zan kai yara wurin wata uku ba.

Hausar da kika ji tana karyewa ma aikinki ce. Ki sa jikar da ta rubuta miki wannan takarda ta riƙa naɗar muryarki a WhatsApp, tatsuniya ɗaya duk mako, tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus". Ki ba su labarin babansu yana yaro, yadda ake soya ƙuli-ƙuli, sunayen unguwanni. Ki ce kowa ya mayar miki da amsa da Hausa, ko da kalma biyar ce. Yaran mota suna da dare mai tsawo da shiru, suna saurare fiye da yaran gari.

Yanzu ga abin da ya kamata ya hana ki barci: "ba ni da ƙawa."

Auta bai san an yi ba, duk inda uwarsa take nan ne gida. Mai shekara takwas zai hau keke ya zaga, cikin awa ɗaya ya samu abokin wasa, in an rabu ya yi kuka kwana ɗaya ya manta. Yarinya mai shekara 12 ba haka take ba. Ta shiga shekarun da take buƙatar wadda za ta raɗa wa magana, wadda ta san ta tun bara kuma za ta san ta baɗi. Jikinta ya kusa fara canzawa, ko ya fara, a ɗakin da labule ne kawai tsakaninta da ƙaninta, banɗaki kuma ɗaya ne wanda duk motsin ciki ana ji a waje. 'Yata tana da shekara goma lokacin tafiyarmu. A wata na goma sha ɗaya ta haɗu da wata yarinya sa'arta, suka yi mako uku ba sa rabuwa. Da safen da iyayen yarinyar suka naɗe rumfarsu suka ja mota, 'yata ta tsaya a bakin hanya har ƙurar ta kwanta. Ba ta yi kuka ba. Da yamma na ga wasu yara sababbin zuwa suna wasa, na ce ta je ta gaishe su. Sai ta ce: "Mama, me amfanin? Su ma za su tafi." Wannan magana ce ta ƙare tafiyarmu. Na gaya wa babansu a daren, muka cika alkawarin aikin da ya rage, muka sayar da motar.

Yaro ya koyi cewa sabo asara ne, wannan ya fi giɓin lissafi wuyar cikewa. Ana iya rage shi. Akwai ƙungiyoyin iyaye masu karatun gida a kusan kowane babban gari, suna haɗa yara sau ɗaya ko biyu a mako. Akwai ɗakunan karatu na gwamnati masu shirye-shiryen matasa, akwai makarantar masallaci. Wasu iyalan masu mota suna daidaita tafiyarsu su riƙa sauka tare don yaransu su ɗore da juna. Ɗanki yana iya sabunta kwantiragi a asibiti ɗaya su yi wata shida, ko su riƙa juyawa tsakanin garuruwa biyu kawai, ta yadda yarinyar za ta san in ta yi sallama da ƙawa za ta dawo ta same ta. Kuma a bar ta ta riƙa magana da ƙawayenta na Houston a kai a kai.

Amma tunda shawarata kika nema, ga ta ba rufa-rufa. Ga yara 'yan ƙasa da shekara goma, tafiyar shekara ɗaya ko biyu tare da uwa mai tsayawa kan karatu alheri ce, ban yi nadamar tamu ba. Ga yarinyar da za ta shiga shekara 13, lokaci ya kusa cika. A Amurka daga aji tara, wajen shekara 14, ake fara rubuta makin da jami'o'i ke dubawa. Yaran karatun gida suna shiga jami'a, iyaye ne ke haɗa musu takardar sakamako, su rubuta jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT ko ACT, wasu su ɗauki darussa a kwalejin gari. Amma kimiyyar sinadarai da ta halittu suna son ɗakin gwaji, lissafin wannan mataki yana son gwani, kuma mace ɗaya mai yara uku a mota ba za ta iya ɗaukar wannan duka ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kuma da niyyar dawowa gida ne, su sani WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, amma manhajarmu daban take da tasu, sai an shirya mata tun da wuri. A ganina ya kamata tafiyar nan ta samu ranar ƙarewa kafin takwararki ta shiga aji tara, kuma ita ma a gaya mata ranar. Yaron da ya san saura wata kaza yana iya jure abin da wanda bai san iyaka ba ba zai iya ba.

In kin kira ɗanki, Hajiya, kada ki haɗa da fushi ko rantsuwa. Ɗan fari ne, in kika ce ya sayar da motar gobe zai iya yi don tsoron ɓacin ranki, ya dawo da iyali cikin asara da ƙullaci, surukarki kuma ta ɗauka ke kika rushe musu shiri. Ki tambaye shi dai: yaushe aka yi wa yaran jarrabawar da wani na waje ya duba, me ta nuna? Akwai irinsu da iyaye ke saya su yi wa yaro duk shekara, kamar wadda ake kira jarrabawar Iowa, ko jiha ba ta tilasta ba. Ki tambaye shi wane ne ke karɓar matarsa ranar da ba ya aiki. Ki tambaye shi ko na'urar da ke kuka in hayaƙi ko iskar gas ta taru a motar tana aiki, da ko kowane yaro yana da kujera mai bel ranar tafiya. Sannan ki gaya masa abin da 'yarsa ta faɗa miki, da kalmominta, kada ki ƙara kada ki rage. Mai yiwuwa bai taɓa ji ba. Yara sukan ɓoye wa iyaye irin wannan don sun ga yadda iyayen ke murna da tafiyar, su kai wa kaka.

Amma kafin ki gaya masa, ki nemi izinin yarinyar. Ki kira ta ranar Asabar bayan la'asar ɗinku, lokacin su safiya ce ba karatu, ki ce ta fita waje da wayar ta zauna inda ba mai ji. Ki tambaye ta sunan ƙawar da ta fi kewa.